Tumbi, Hawan Jini da Gado: Haɗarin Sankarar Furostet ga Magidantan Birnin Zariya

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan lafiyar magidanta, cikin Birnin Zariya

Tsakure

Wannan takarda ta dubi dalilin da ya sa sankarar furostet ta fi kama mazan da tushensu Afirka ta Yamma ne, ta kuma fi yin ajalinsu, tare da neman sanin rawar da lafiyar sarrafa abinci a jiki ke takawa a wannan bambanci, wato ƙiba, tumbi, hawan jini da ciwon suga. An bi sawun binciken da aka wallafa a Amurka, Turai, Ghana da Nijeriya, aka auna su da yadda magidanci ke rayuwa a cikin ganuwar Zariya. Matsayin takardar shi ne, gado yana da hannu wajen kamuwa da cutar, amma tazarar da ake gani wajen mutuwa ta fi rataya a kan halin da jiki ke ciki da lokacin da mutum ya isa gaban likita. Don haka ta ba da shawarar a mayar da ɗakunan duba masu hawan jini da suga su zama ƙofar farko ta gano wannan cuta.

1.0 Gabatarwa



Zan fara da gidanmu, domin daga can takardar nan ta samo asali. Ƙanin mahaifina, Allah ya jiƙansa, maɗinkin hannu ne irin waɗanda garin nan ya yi suna da su. Tun ina yaro na san shi zaune a kan buzu a zaure, riga shimfiɗe a cinyarsa, yana fitar da aska takwas da allura da zare. In ya zauna da hantsi, salla ce kaɗai ke tayar da shi. Da girma ya zo, kasuwa ta buɗe, sai ya ajiye tumbi, mutane suka ce hutu ne ya karɓe shi. Yana da kimanin shekara 55 aka ce yana da hawan jini, ya kuwa riƙe maganinsa hannu bibbiyu. Duk wata sai ya je wani asibiti an gwada shi an rubuta masa ƙwayoyi, haka har shekara goma. Ku lissafa: sau 120 ke nan ya zauna gaban ma'aikacin lafiya ya miƙa damtse aka ɗaura masa awo. Babu ranar da aka tambaye shi yadda fitsarinsa yake, ko akwai wanda irin wannan cuta ta taɓa kamawa a danginsu.

Da fitsari ya fara yi masa gardama, yana ɗiga bayan ya yi tsarki, wurin malaminsa ya nufa ya tambayi hukuncin alwalarsa. Daga nan sai jiƙe-jiƙen basir da na sanyi. Sai da ciwon baya ya hana shi ruku'u, ƙafafu suka fara yi masa nauyi, sannan aka kira ni. Na ce, "Baffa, tun yaushe kake fama da wannan?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "Ɗana, ai ba maganar da uba ke yi da ɗansa ba ce." Gwaji ya nuna cutar ta riga ta kama ƙashin baya. Bai cika shekara biyu ba bayan nan.

Rai na Allah ne, wannan babu ja. Amma tun daga ranar nake tambayar kaina: a cikin abin da ya same shi, wanne ne gadon jini, wanne ne zaman zaure da abin da ke shiga baki, wanne ne kuma sakacinmu mu ma'aikatan lafiya?

2.0 Gyaran suna

A kafafen yaɗa labarai na Hausa an saba kiran wannan cuta "sankarar mafitsara", kuma sunan yana ɓatar da mutane. Mafitsara jaka ce da fitsari ke taruwa a ciki. Furostet kuwa wani ƙullutun nama ne mai girman goro da ke ƙarƙashinta, maza ne kaɗai ke da shi, hanyar fitsari ta ratsa ta tsakiyarsa, aikinsa samar da wani ɓangare na ruwan maniyyi. Sankarar mafitsara cuta ce dabam, wadda a ƙasar nan tamu take da alaƙa da tsargiyar da yara ke ɗauka a kududdufi da rafi.

Akwai kuma kumburin furostet na tsufa, wanda ba sankara ba ne, kuma shi ne ya fi jawo riƙewar fitsari da yawan tashi da dare. Ita sankarar galibi a gefen naman take somawa, nesa da hanyar fitsari, shi ya sa takan yi shekaru shiru. Mai jiran ya ga alama kafin ya je asibiti, sau da yawa ya makara.

3.0 Abin da alƙaluma suka nuna

Ƙiyasin GLOBOCAN na hukumar binciken sankara ta duniya da ke Liyon, a Faransa, ya nuna cewa a 2022 an samu sabbin masu wannan cuta kusan miliyan 1.47 a duniya, kusan 397,000 suka rasu. A Nijeriya kimanin 18,000 ne suka kamu, fiye da 11,000 suka rasu, kuma ita ce sankara ta ɗaya a tsakanin mazanmu. A duniya kusan mutuwa ɗaya ke nan a kan kowane sabon kamu huɗu. A wurinmu ta haura ɗaya a kan biyu. Kwamitin da mujallar Lancet ta kafa ya yi hasashen a 2024 cewa masu kamuwa a shekara za su kai miliyan 2.9 nan da 2040, kuma ƙasashe irin tamu ne za su fi ɗaukar nauyin ƙarin mace-macen.

A Amurka, kamuwar baƙaƙen fata ta ɗara ta fararen fata da kusan kashi 70 cikin 100, mutuwarsu kuwa ta ninka sau biyu. A Ingila, Lloyd da abokanta sun lissafa a 2015 cewa baƙar fata 1 cikin 4 zai kamu a tsawon rayuwarsa, Bature 1 cikin 8, ɗan Asiya 1 cikin 13.

An daɗe ana zaton cutar ba ta da yawa a Afirka, alhali gwajin ne babu. Osegbe ya ƙaryata wannan zato daga Legas a 1997. A nan gida, Dawam, Rafindadi da Kalayi sun wallafa nazarinsu na marasa lafiyar Zariya a 2000, sannan Oluwole da abokansa suka bi da bitar samfuran shekara goma na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello a 2015. A Akara kuwa, da Hsing da abokan aikinta suka bi gari suka gwada maza fiye da 1,000 masu shekara 50 zuwa 74, sai suka tarar da cutar a jikin kashi 7 cikin 100. Waɗannan mutane ne da ke yawonsu a gari, ba su zo da ƙorafin komai ba.

4.0 Gado, da waɗanda aka auna

Babu amfanin musun gado. A 2006 Freedman da abokansa suka gano wani yanki a kan kuromosom na 8, mai lamba 8q24, da ke ƙara haɗarin cutar ga masu tushen Afirka. A 2021 Conti da abokansa suka tattara sauye-sauyen ƙwayoyin halitta 269 masu alaƙa da ita, suka ga cewa in an haɗa su, matsakaicin makin haɗari na mai tushen Afirka ya ninka na Bature fiye da sau biyu. Wanda mahaifinsa ko ɗan'uwansa na jini ya kamu, nasa haɗarin ya kusan ninkawa. Har gidan da sankarar mama ta yawaita a tsakanin mata abin lura ne, saboda ƙwayar gado ta BRCA2.

Sai dai ina so mu tsaya a kan kalmar "baƙar fata". Baƙin Amurka, a matsakaici, kusan kashi ɗaya cikin huɗu na jininsa na Turawa ne, sauran kuma akasari daga gaɓar tekun Afirka ta Yamma da ta Tsakiya. Shirin nan na 1000 Genomes da masu bincike ke dogaro da shi ya ɗauki samfur daga Yarabawan Ibadan da mutanen Esan a Nijeriya, babu Bahaushe, babu Bafillace, babu Babarbare. Haɗakar MADCaP, wadda ta fi kowace zurfafa binciken gadon wannan cuta a nahiyarmu, cibiyoyinta suna Dakar, Akara, Ibadan, Abuja da Afirka ta Kudu, kuma abin da ta wallafa a 2024 shi ne tsarin gadon cutar ya bambanta daga wannan yanki na Afirka zuwa wancan. Mu a garin nan ba ma buƙatar a gaya mana haka. Sunayen gidajen sarautarmu huɗu kaɗai, Mallawa, Barebari, Katsinawa da Sulluɓawa, sun isa su nuna hanyoyi nawa aka biyo aka zo Zazzau, balle a ƙara da fatake da almajirai da auratayyar ɗaruruwan shekaru. Launin fata sunan taro ne kawai, ba ya faɗa wa likita abin da ke cikin jinin mutumin da ke zaune gabansa.

Abu na biyu ya fi wannan muhimmanci. A 2019 Dess da abokansa suka duba bayanan maza fiye da 300,000 a Amurka. A inda baƙi da fari suka samu kulawa iri ɗaya, kamar asibitocin tsoffin sojoji da gwaje-gwajen magani, babu wani ƙarin mutuwa daga sankarar furostet a tsakanin baƙaƙen. Nazarin Ingila da na ambata ma ya nuna cewa da zarar an gano cutar, kusan 1 cikin 3 ne ke mutuwa da ita, ko wane launi gare shi. Amma Dess ya ga wani abu da ya rage: baƙaƙen sun ci gaba da fin yawa wajen mutuwa daga wasu cututtukan dabam. Wannan shi ya kawo mu ga zuciyar takardar.

5.0 Lafiyar sarrafa abinci

Abin da nake nufi da lafiyar sarrafa abinci shi ne yadda jiki ke juya tuwon da aka ci ya zama ƙarfi, ya adana saura ba tare da ya cutu ba. In wannan tsari ya lalace, alamu biyar ke bayyana, sukan kuma zo tare kamar 'yan gida ɗaya: faɗin ƙugu, hawan jini, hauhawar suga, yawan kitsen jini mai suna tiraigiliserid, da ƙarancin kolestarol mai amfani. Reaven ne ya haɗa galibinsu wuri ɗaya a 1988, ya ce tushensu shi ne jiki ya daina jin maganar insulin. Wanda ke da uku cikin biyar ya shiga sahu.

Ta ina wannan ya shafi furostet? In jiki ya yi kunnen ƙashi da insulin, sai gaɓar jikin da ke samar da shi ta ƙara yawansa a jini. Insulin da ɗan'uwansa IGF-1 sinadarai ne masu cewa ƙwayoyin jiki su girma su hayayyafa, kuma ƙwayar sankara ba ta ƙin irin wannan kira. Chan da abokanta sun nuna alaƙar IGF-1 da cutar tun 1998. Kitsen da ke cikin tumbi kuma ba ajiya ba ce kawai, yana fitar da sinadaran da ke sa jiki cikin kumburi na ɓoye, yana kuma juya sinadarin mazakuta, testosteron, zuwa na mata.

Sai dai hoton ba a miƙe yake ba, kuma bai kamata mu miƙar da shi da ƙarfi ba. Babban nazarin Me-Can na 2012, wanda ya bi maza kusan 290,000 a Norwe, Suwidin da Austiriya, bai ga waɗannan alamu sun ƙara yawan kamuwa ba. Abin da ya gani shi ne masu ƙiba da masu hawan jini sun fi mutuwa da cutar. Asusun binciken sankara na duniya, WCRF, ya yanke a 2014 cewa akwai hujja mai ƙarfi kan alaƙar ƙiba da nau'in cutar da ya yi nisa. Perez-Cornago da abokanta sun lissafa a 2022 cewa duk ƙarin santimita 10 a ƙugu na tafiya da ƙarin kusan kashi 7 cikin 100 na haɗarin mutuwa da ita. Wato tumbi bai cika kiran cutar ba, amma in ta zo yakan ba ta masauki.

Akwai kuma wani abin mamaki: nazarce-nazarce da dama sun nuna masu ciwon suga ba a cika gano musu wannan sankara ba kamar sauran maza. Kada wani ya fita daga zauren nan ya ce suga kariya ce. Mai suga da mai ƙiba duk sukan samu ƙarancin PSA, sinadarin da muke aunawa a jini don hasashen cutar. Bañez da abokansa sun nuna a 2007 cewa yawan ruwan jinin mai ƙiba yana tsarma PSA, kamar a zuba cokalin gishiri ɗaya a babbar tukunya maimakon ƙarama. Sakamako ya fito da kyau, likita ya sallami mutum, cuta tana nan kwance.

Inda launi da ƙiba suka haɗu, nazarin da ya fi jan hankalina shi ne na Barrington da abokanta a 2015, daga gwajin SELECT, mai baƙaƙen Amurka 3,398 da farare 22,673. A cikin marasa ƙiba, haɗarin baƙi ya ɗara na fari da kashi 28 cikin 100 kawai. A cikin masu ƙiba sosai, tazarar ta kai kashi 103. Tun kafin nan, a garin Filint na jihar Mishigan, Beebe-Dimmer da abokanta sun ga a 2007 cewa hawan jini da faɗin ƙugu sun fi yawa a tsakanin baƙaƙen da ke da cutar. Irin waɗannan nazarin lura da mutane ne, ba su isa su tabbatar da sanadi ba, amma suna nuna cewa tazarar da muke jingina wa launi tana faɗaɗa tana kuma tsukewa gwargwadon halin jiki. Abin da ke motsi haka ba ƙaddarar fata ba ce.

Ga shaida daga wata fuskar. Cooper da abokansa a 1997 sun auna hawan jini a al'ummomi masu tushe ɗaya: kashi 16 cikin 100 a Afirka ta Yamma, 26 a tsibiran Karebiyan, 33 a Amurka. Nazarin RODAM na 2016 ya bi 'yan Ghana a ƙauye da birni da Turai, ƙibar maza ta tashi daga kashi 1.3 a ƙauyen Ghana zuwa 21.4 a Landan. Ba sai mun tsallaka teku ba ma: a Sakkwato, Sabir da abokansa sun samu ciwon suga a kashi 0.8 na Fulanin karkara, da kashi 4.6 na Fulanin birni. Jini ɗaya, rayuwa dabam. Daga baya kuwa Adeloye da abokansa sun ƙiyasta hawan jini a Nijeriya ya tashi daga kashi 8.6 a 1995 zuwa 32.5 a 2020, wato mun cim ma inda baƙaƙen Amurka suke lokacin da Cooper ya auna su. In gemun ɗan'uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

6.0 Awon da ba a yanka da jikinmu ba

Akwai matsalar da ta shafe mu kai tsaye. Ƙungiyar ciwon suga ta duniya, IDF, ta sa iyakar ƙugun namiji a santimita 94 a 2005, ta ce mutanen Afirka kudu da Sahara su ari awon Turawa kafin a samu nasu. Da Ekoru da abokansa suka haɗa bayanan ƙasashen Afirka a 2018, sai suka ga haɗari yana somawa tun wajajen santimita 81. Haka kuma an san masu tushen Afirka ta Yamma kitsen tiraigiliserid ɗinsu yakan zauna ƙasa ko da jikinsu ya daina jin insulin, don haka ma'aunin alamu biyar yakan tsallake su. Gwajin HbA1c, wanda ake auna sugan wata uku da shi, yakan iya nuna ƙasa da gaskiya ga mai ɗauke da rabin gadon amosanin jini, wato mai AS, kamar yadda Lacy da abokanta suka nuna a 2017, kuma kusan ɗaya cikin huɗu na 'yan Nijeriya haka suke. Ke nan magidanci na iya fita daga ɗakin likita da takarda mai cewa ƙugunsa daidai, kitsensa daidai, sugansa daidai, PSA ɗinsa daidai, alhali kowane awo ya ɗan sassauta masa. Tela ba ya yanka wa mutum riga da awon maƙwabcinsa.

7.0 Cikin ganuwa

Uloko da abokansa sun ƙiyasta a 2018 cewa ciwon suga a Arewa maso Yamma kashi 3 ne cikin 100, mafi ƙanƙanta a shiyyoyin ƙasar. Wannan dama ce da ke hannunmu har yanzu, amma duk mai ido ya ga tana zamewa.

Kakanninmu malamai ne da maɗinka da 'yan kasuwa, amma kusan kowa yana da gona, wasu ma a cikin ganuwa suke. Da ƙafa ake zuwa Kasuwar Amaru, da ƙafa ake fita Ƙofar Gayan ko Ƙofar Kona zuwa gona. Yau daga Babban Dodo zuwa Ƙofar Doka sai an tsayar da ɗan acaɓa ko keke napep. Tuwon dawa da miyar kuka sun ja baya, farar shinkafa da taliya da burodi sun shigo gaba. Ku tsaya teburin mai shayi bayan isha'i ku ƙirga cokalin sukari nawa ke shiga kofi ɗaya, bayan madarar gwangwani. Fura ma yanzu sai an dama ta da sukari, baƙo kuma ba a karrama shi ba sai da lemon kwalba, miya ba ta yi ba sai an jefa dunƙule huɗu ko biyar a kan gishiri. Harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi da dokar kuɗi ta 2021 ta kawo bai kai ya sauya hannun mai saye ba.

Sannan tufafinmu na da sutura har ta yi yawa. Mai ɗaura bel yakan san ranar da ya ƙara huda. Wando mai mazagi kuwa ba ya ƙorafi, babbar riga kuma ta rufe komai, har ma ta fi kyau a jikin mai tumbi. A idonmu teɓa alamar wadata ce, rama kuwa sai a fara tambaya ko lafiya.

Kunya ita ce katanga ta ƙarshe. Dattijo ba ya son yaron likita ya duba shi ta dubura, ba ya son matansa su ji, yana kuma tsoron abin da ya ji an yi wa wane. Wannan tsoro yana da tushe. Tun da Huggins da Hodges suka nuna a 1941 cewa cutar tana rayuwa ne da sinadarin mazakuta, maganin wadda ta yaɗu shi ne a yanke mata wannan sinadari, ko da allura ko da tiyatar cire 'ya'yan maraina, kuma ita tiyatar ce mai sauƙin kuɗi. Abin da ya kamata a gaya wa mutane shi ne, wanda ya zo da wuri galibi ba nan ake farawa da shi ba, akwai tiyatar cire furostet, akwai gashi da na'ura, akwai ma wanda sa ido kawai za a yi. Jinkirin da tsoro ke jawowa shi ke kai mutum ga abin da yake tsoro.

Kuma maganin kansa yana dawo da mu kan batun farko. Keating da abokanta sun nuna a 2006 cewa allurar danne sinadarin mazakuta tana ƙara haɗarin ciwon suga da kashi 44 cikin 100, tana kuma ƙara na ciwon zuciya. Mutumin da ya zo da tumbi da hawan jini, muka ɗora shi a kan wannan magani ba mu bi sugansa ba, mun rufe ƙofa ɗaya mun buɗe wata. An yi fatan metformin, maganin suga mai araha, zai tsawaita ran masu cutar da ta yaɗu. Sakamakon gwajin STAMPEDE da aka bayyana a 2024 bai tabbatar da haka ga kowa da kowa ba, amma ya nuna maganin yana rage ƙiba da hauhawar suga da allurar ke jawowa.

8.0 Kira

Ba na kiran a fita da lasifika a gwada PSA ga duk namijin da ke gari. Gwajin yana da illarsa: yakan tashi saboda kumburin tsufa ko ciwon sanyi, ya jefa mutum cikin fargaba da kashe kuɗi, yakan kuma gano sankarar da ba za ta taɓa cutar da mai ita ba. Gwaji ba tare da hanyar ɗebo nama a auna da hanyar magani ba zalunci ne. Abin da nake kira gare shi ya fi wannan ƙanƙanta, ya kuma fi yiwuwa. Magidantan da suka fi shiga haɗari suna zuwa wurinmu da ƙafarsu duk wata, a ɗakin masu hawan jini da na masu suga, a Asibitin Gambo Sawaba da ke Ƙofar Gayan, a ƙananan asibitocin unguwanni, a Tudun Wada da Shika. A ƙara layi uku a katinsu: awon ƙugu, tarihin sankara a dangi, da ko an yi masa bayanin PSA. Ƙungiyar likitocin mafitsara ta Amurka ta ba da shawara a 2023 cewa masu ƙarin haɗari, ciki har da baƙaƙen fata, a fara wannan magana da su tun suna shekara 40 zuwa 45, kuma kwamitin Lancet ya goyi bayan haɗa ta da gwajin hawan jini da suga. Wanda aka samu da cutar a sanar da shi Asusun Tallafin Masu Sankara na gwamnatin tarayya, wanda ya ƙunshi sankarar furostet, kuma asibitinmu na koyarwa da ke Shika yana cikin shida na farko da aka fara da su.

Ga malamanmu, Allah ya ƙara muku lafiya: ku ake fara kawo wa wannan matsala, da sunan tambayar tsarki. In kun gama ba dattijo hukuncin alwalarsa, ku ƙara masa da cewa ya je a duba shi. Daga bakinku zai fi karɓa.

Ga maɗinkan garin nan: tef ɗin da ke rataye a wuyanku shi ne kayan aikin da muke nema. Kun fi kowane likita sanin wanda ƙugunsa ya ƙaru daga sallar bara zuwa ta bana, kuma kuna da bakin da za ku faɗa masa cikin ladabi.

Ga abokan aikina na jami'a: mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A cikin ganuwar nan akwai gidajen da kaka da ɗa da jika ke zaune a ƙofa ɗaya, sun san salsalarsu har kaka na biyar, ga kuma rajistar masu sankara a asibitin koyarwa. Wuri ne da ya dace a ɗauki magidanta a bi su shekara da shekaru, ana auna ƙugu da jini da suga da PSA, domin mu fitar da awonmu da kanmu. Ina roƙon a kafa kwamitin da zai rubuta wannan ƙuduri kafin a tashi daga taron nan.

Ke kuma 'yar'uwata ma'aikaciyar jinya, da kai ɗan'uwana likita, ranar Litinin wani dattijo zai zauna gabanku ya naɗe hannun riga ya miƙo damtse. Kafin ku kwance awon, ku tambaye shi shekarunsa, ku tambaye shi ciwon da ya yi ajalin mahaifinsa, ku nemi izininsa ku auna ƙugunsa.